In Batirin Tsohuwar Mota Ya Ƙi Riƙe Caji

Wasu ƙungiyoyinmu har yanzu da tsohuwar akori-kura, irin su Peugeot 404, suke kai amfanin gona kasuwa. In mota ta ƙi tashi ran kasuwa, tumatir ba ya jiran kowa. Sau da yawa kuwa sai a yi gaggawar sayen sabon batir, alhali laifin ba nasa ba ne.

Ku fara duba kawunan batir. Farin garin nan da ke taruwa a kansu yana tare wuta. Ku kwance waya mai alamar (–) tukuna, sannan mai (+). Ku wanke da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, amma kada ruwan ya shiga cikin batir. Ku goge, ku ɗaure tamau. Ku kuma bi wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin mota, domin tsatsa a wurin takan sa fitilu su dushe.

Sai fambel. Ku danna shi da babban yatsa. In ya lotsa fiye da santimita 1 ko 1 da rabi, ya saki ke nan, ba zai juya dainamo sosai ba. Ɗaure shi ba ya cin kwabo.

In jar fitilar caji ta ƙi mutuwa bayan inji ya tashi, a sa ma'aunin wuta. Cikakken batir yakan nuna volt 12.6 in inji na kashe. In an ɗan taka totur, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, wataƙila gawayin cikin dainamo ya cinye. In ya wuce 15, na'urar daidaita caji ce ta lalace, za ta dafa batir ta ƙone ƙwan fitila.

Akwai wata ɗabi'a da ba mu yarda da ita ba: cire kan batir inji yana aiki, wai don a ga ko mota na caji. A motar da ke da oltaneta, wannan na iya kashe ta nan take. Ko makanike ne ya ce zai yi, ku hana shi.

In ruwa ya ragu a batir, ku ƙara tataccen ruwa na kwalba har ya rufe farantan ciki. Ban da ruwan rijiya, ban da ƙarin asid. Kada kuma a leƙa ciki da ashana ko aci-balbal, gama iskar da batir ke fitarwa tana kama wuta.