Ciwon sukari, motsa jiki da iyo: yadda ake amfani da na'urar awo ta manne

Motsa jiki magani ne ga mai ciwon sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a mako. Tafiya a ƙasa daga Sabon Gari zuwa babbar kasuwar Maradi, tuƙa keke zuwa Tibiri, noma a fadamar Jiratawa, duka motsa jiki ne. Sai dai aikin ƙarfi yana cin sukarin da ke cikin jini. Idan sukarin ya faɗi da yawa, mutum yana iya suma. A tudu ana iya ɗaga shi a ba shi taimako, amma a cikin ruwa suma tana iya zama ajali.

Mece ce na'urar awo ta manne?

Wata ƴar na'ura ce mai kama da babban maɓallin riga. Ana manna ta a bayan dantse ko a ciki. Tana da siririn zare wanda yake shiga ƙarƙashin fata. Tana auna sukari dare da rana, ta aika da lambar zuwa wayar salula ko zuwa wani ɗan akwatin karatu. An fara ba da izinin amfani da irinta a Amurka a shekarar 1999. Wadda ake kira FreeStyle Libre ta fito a Turai a 2014, ana sa ta kwana 14. Dexcom G6 kuwa kwana 10 take yi a jiki. Tana da tsada, kuma sai an riƙa sayen sabuwa. Saboda haka yawancin masu ciwon suna amfani da ƙaramar na'urar da ake soka yatsa a ɗiga mata jini. Shawarwarin da ke ƙasa sun shafi kowa.

Abin da ya kamata ku sani game da lambar

Na'urar manne ba jini take aunawa ba. Ruwan da ke tsakanin tsokar ƙarƙashin fata take aunawa. Sukari yana fara canzawa a jini kafin ya kai wannan ruwa, don haka lambar takan makara da minti 5 zuwa 15. Lokacin da kuke gudu ko iyo, sukari yana sauka da sauri. Na'urar tana iya nuna 0,90 alhali jinin ya riga ya kusa 0,70.

A Nijar likitoci suna rubuta awo da giram a lita. Wasu na'urori kuwa suna nuna 70 a maimakon 0,70, ko 100 a maimakon 1,00. Ma'anarsu ɗaya ce. Duk abin da ya yi ƙasa da 0,70 faɗuwar sukari ce.

Kusa da lambar akwai ƴar kibiya. Idan ta dubi sama, sukari yana hawa. Idan ta kwanta, yana nan daidai. Idan ta dubi ƙasa, yana sauka. Ga mai shirin motsa jiki, kibiyar ta fi lambar muhimmanci.

Kafin ku fara

Ku duba lamba da kibiya. Idan awon bai kai 1,00 ba, ko kibiya tana duban ƙasa, ku ci wani abu tukuna, kamar ayaba ɗaya ko ɗan burodi. Idan ya haura 2,50 kuma kuna jin kasala, amai ko ƙishirwa mai tsanani, ku fasa, ku nemi likita. Waɗanda suka fi fuskantar faɗuwar sukari su ne masu allurar insulin da masu shan ƙwayar glibenclamide. Kada ku rage magani da kanku saboda motsa jiki. Wannan aikin likita ne.

A cikin ruwa

Na'urar ba ta lalacewa da wanka ko alwala, amma kowace tana da iyaka. FreeStyle Libre tana jure zurfin mita 1 na tsawon minti 30. Dexcom G6 tana jure zurfin mita 2,4. Ku sa a karanta muku takardar da ke cikin kwalin taku.

Babban haɗarin shi ne saƙon na'urar ba ya ratsa ruwa. Muddin dantsenku yana cikin ruwa, wayar da ke bakin gaɓa ba ta samun labari, kuma ƙararrawar gargaɗi ba za ta yi ƙara ba. Ga shi kuma sanyin ruwa yana ɓoye zufa da rawar jiki, waɗanda su ne alamun farko. Saboda haka ku riƙa fitowa bayan kowane minti 20 zuwa 30 kuna dubawa. Kada ku shiga ruwa ku kaɗai. Ku sanar da abokin tafiyarku ciwonku, ku nuna masa inda kuka ajiye sukari.

Ruwan Gulbin Maradi da damina, da tafkin Madarunfa, da kududdufan bayan gari ba ɗaya suke da wurin iyo na otal ba. Ruwan kwance yana iya ɗauke da cutar tsargiya. Ƙaya da fasasshiyar kwalba suna yanka ƙafa, kuma miki a ƙafar mai ciwon sukari yana wuyar warkewa. Mai rauni a ƙafa kada ya shiga irin wannan ruwa ko kaɗan.

Zafi da zufa

A watannin Afrilu da Mayu zafin Maradi yakan wuce digiri 40. Zufa tana sassauta ɗankon na'urar. Ku wanke wurin da sabulu, ya bushe sarai, kada ku shafa mai kafin mannawa. Ana iya ƙara filasta a gefenta. Idan ta ɓalle, ba a mayar da ita. Ku zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar don motsa jiki, ku sha ruwa da yawa.

Idan sukari ya faɗi

Alamun su ne rawar jiki, zufa mai sanyi, yunwa, jiri, bugun zuciya da rikicewar magana. Idan kun ji su, ku tsaya nan take ko da na'urar ta nuna lafiya lau. Ku sha babban cokali ɗaya na sukari ko zuma, wato kimanin giram 15. Ku jira minti 15, ku sake awo, da soka yatsa in da hali. Idan har yanzu bai kai 0,70 ba, ku ƙara. Wanda ya suma kuwa, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi a gefensa, a garzaya da shi asibiti.

Sukari yana iya sake faɗuwa cikin dare, har zuwa awa 24 bayan aikin ƙarfi. Ku duba kafin ku kwanta, ku bar wayar kusa da ku. Ku rubuta awon da kuka samu kafin motsa jiki da bayansa a cikin ɗan littafi, ku tafi da shi ranar da za ku ga likita.