Langa ma darasi ce

Tun da Gwamnatin Tarayya ta fito da sabuwar manhajar makarantu a 2025, surutun jama'a ya tsaya kan yawan darussan da aka rage da kuma tarihin Najeriya da aka dawo da shi. Darasin motsa jiki da kiwon lafiya, wanda aka daɗe da cusa shi cikin darasin kimiyya da fasaha, shi ma ya samu gurbinsa daban a firamare, amma ba a kula ba. Waɗanda suka kula kuwa, a majalisun Takur da sauran unguwannin Dutse, ƙorafi suke yi: yaron da bai iya haɗa baƙi ba, me zai yi da ƙarin guje-guje? An fahimci abin a baibai.

Idan yaro ya yi gudu har ya yi haki, jini yana ƙara kwarara zuwa ƙwaƙwalwa, jiki kuma yana ƙara samar da wani sinadari da masana ke kira BDNF, mai taimaka wa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su girma su kuma haɗu da juna. A Jami'ar Ilinoi ta Amurka, Charles Hillman da abokan aikinsa sun raba yara 221, 'yan shekara 7 zuwa 9, gida biyu. Kashi ɗaya suka yi wata tara suna wasannin motsa jiki bayan an tashi makaranta, ɗayan kashin suka jira. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna masu wasan sun fi iya tattara hankali da kau da kai daga abin da ke ɗauke shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma minti 60 na motsa jiki a kullum ta tsayar wa mai shekara 5 zuwa 17.

Abin takaici shi ne mu ba mu buƙaci Bature ya gaya mana ba. Kakanninmu sun bar mana dandali. Da an yi sallar isha'i a daren farin wata, musamman bayan kaka, maza su tafi langa da kokawa, 'yan mata su kafa gaɗa, ƙanana su yi ta wasan ɓuya a lunguna. Da rana ga 'yar gala-gala, wadda zane a ƙasa da ɗan tsingaro kawai take nema.

A dubi langa da kyau. Yaro ya kama ƙafa ɗaya ta baya da hannu, yana tsalle da ɗayar. Ya saki ko ya faɗi, ya fita. A haka zai bangaji abokin karawa, ya kauce wa mai nufo shi, idonsa kuma na kan ruwa, wato ɗan wasan da ɓangarensu ke karewa har ya kai wurin sha. Zuciya na bugawa, ƙafa na neman daidaito, kai na lissafin wa zai tare, wa zai bari ya wuce, ga danne fushi in an kayar da shi. Riƙe doka a ka, haƙuri, da saurin sauya dabara su ne dai abubuwan da waccan jami'a ta auna da na'urori masu tsada, kuma su yaro ke buƙata in ya zauna gaban lissafin rabawa. Gaɗa ma haka: tafi, amshi, da faɗawa baya da yaƙinin ƙawaye za su tare ki. Har a gasar wasanni ta ƙasa ana buga langa, amma a makarantun garuruwan da suka haife ta sai dai a ji labari.

Ina filin yake ma? Tun da Dutse ta zama babban birnin jiha a 1991, fili duk da aka gani sai a yanka shi fuloti. Makarantar kuɗi ta kama gidan haya mai ɗaki huɗu, tsakar gidan ko akuya ba za ta sake ba, a ajiye yara daga ƙarfe takwas zuwa biyu, a ƙara da lasin. Sai Islamiyya da la'asar, sai wayar uwa da dare. Wanda ya kasa zama wuri ɗaya a ce ƙiriniya ce, a sa bulala.

Kada kuma a ce yarinyar da ta wuni da farantin talla a kai ta motsa jiki. Wannan wahala ce, kuma yaron da bai karya kumallo ba ba gudu yake buƙata da farko ba.

Ya kamata hukumar ilimin bai-ɗaya ta Jigawa ta tabbatar darasin nan bai ƙare a allo ba, ana rubuta wa yara faɗi da tsawon filin ƙwallo suna kwafa. A fitar da su da safe kafin rana ta yi zafi, mata da maza. Ya kamata kuma Kwalejin Ilimi ta Gumel ta sa langa da gaɗa cikin abin da take koya wa malaman gobe. Makarantar da ba ta da filin wasa kuwa, ko nata ko na aro, kada a sabunta mata lasisi.