Kafin faifai na biyu ya tsaya

Duk mai akwatin ajiyar bayanai da ake kira NAS, a ofis ne ko a makaranta ko a ɗakin tace bidiyo, ya buɗe shafin saitinsa yau ya duba yadda aka jera faifan da ke ciki. In ya tarar da tsarin haɗa faifai na RAID 5 a kan manyan faifai, kuma babu kwafi a wani wuri, to aikinsa na bakin rami.

Lissafi ne ke jan mutane. Faifai huɗu masu terabayit 8, RAID 5 zai ba ka 24, RAID 6 ko RAID 10 kuwa 16 kacal. Maigida ya ga takwas za su tafi a banza, sai ya ce a yi na farkon, tunda an gaya masa ko faifai ɗaya ya mutu babu abin da zai ɓace. Haka ne, amma rabin zancen aka gaya masa. Ranar da aka cire mataccen aka sa sabo, dole akwatin ya karance ukun da suka rage kaf, terabayit 24, kafin ya sake gina abin da ya salwanta. Ko da gudun megabayit 150 a daƙiƙa, cika faifan terabayit 8 na cin kusan awa 15, wannan ma in babu mai taɓa akwatin. Duk tsawon lokacin nan babu sauran kariya. Su kuwa ukun, galibi rana ɗaya aka sayo su a shago ɗaya, zafin bazara ɗaya suka sha, ƙurar hunturu ɗaya suka shaƙa. Ɗaya daga ciki ya tsaya ana tsakiyar gini, komai ya tafi. RAID 6 yana jure mutuwar biyu, kuma a ganina terabayit takwas ɗin nan ba asara ba ne.

Ga kuma ɗauke wuta. RAID 5 yana rubuta bayani a wani faifan, lissafin kariyarsa a wani. Wuta ta yanke tsakanin rubutun biyu, sai su iya saɓawa ba a sani ba, sai ranar da aka nemi lissafin. Janareto ba ya hana wannan, domin kafin ya tashi an riga an yi ɓarnar. A sa na'urar batir ta UPS, a haɗa ta da akwatin ta wayar USB, don akwatin ya kashe kansa cikin natsuwa in batir ya kusa ƙarewa.

A kula da irin faifan da ake saye. A 2020 aka gano cewa wasu faifan WD Red masu terabayit 2 zuwa 6 samfurin SMR ne, wanda ke ɗora layin rubutu a gefen ɗan'uwansa. Irinsu kan yi nauyi ƙwarai idan rubutu ya daɗe, har wani akwatin ya ɗauka faifan ya mutu ya fitar da shi ana cikin gini. A nemi mai CMR, kishiyar SMR, a duba lambar samfurin, kada a tsaya ga launin takardar jikinsa.

Babban ruɗin dai shi ne ɗaukar RAID a matsayin kwafi. Ma'aikaci ya goge fayil bisa kuskure, nan take ya goge a duk faifan. Haka in ɓarayin intanet suka shigo. A watan Yunin 2021 masu akwatin My Book Live da dama sun wayi gari an share musu komai daga nesa. A Janairun 2022 manhajar ɓarayi ta DeadBolt ta kulle akwatunan QNAP da ke buɗe ga intanet, aka nemi fansar bitkoyin 0.03 kan kowanne. Babu tsarin RAID da ya ceci kowa a cikinsu. A rufe saitin UPnP a na'urar rauta, a daina barin akwatin a buɗe ga duniya, a ajiye kwafi a faifan da ake cirewa a kai wani gini.

Wanda kuma akwatinsa ya riga ya fara ƙara ko ya kunna jar fitila, kada ya yi saurin cusa sabon faifai. Ya dakatar da ma'aikata, ya kwashe fayilolin da ba zai iya rasawa ba zuwa waje, ya buɗe wasu ya tabbatar suna aiki, sannan a fara ginin.