Doki Ba Ya Harbi Sai Ya Yi Gargaɗi

Duk shekara idan Sallah ta matso, akan ga baƙin dawaki a turakun gidaje a Ajingi da ƙauyukan da ke kewaye da Gaya. Wani daga kasuwar Maigatari aka ɗauko shi ranar Alhamis, wani kuma aro ne daga ɗan'uwa. Saurayi ya ga ingarma a turke, jikinsa na rawa, tun dokin bai huce gajiyar mota ba har an ɗaura masa sirdi. Can sai ka ji an kai wane asibiti da karaya, ko doki ya harbi yaro a ƙirji. Sai a ce ai dokin mugu ne, ko kuma asiri aka yi masa. Tsofaffin barga ba sa karɓar wannan magana. Sun san doki yakan yi gargaɗi sau biyu sau uku kafin ya kai harbi, mu ne dai ba ma jin yarensa.

Asalin doki dabbar dawa ce da namun daji ke farauta, saboda haka tsoro a jininsa yake. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, ban da wuri biyu: daidai tsakiyar goshinsa, da kuma bayan wutsiyarsa. Wanda ya ɓullo masa ta baya shiru, a wurinsa ba shi da bambanci da kura. Wanda kuma ya nufo shi gaba-gaɗi ya kai hannu goshinsa, hannun yakan ɓace masa kafin ya ji taɓi, shi ya sa yake fizge kai. Ta wajen kafaɗa ake zuwa wa doki, ana tafe ana yi masa magana ƙasa-ƙasa.

Kafin ka ƙarasa, dubi kunnuwansa. Idan sun miƙe gaba, hankalinsa na kan abin da ke gabansa. Idan ɗaya ya juyo wajenka, yana sauraronka, wannan alama ce mai kyau. Idan suna ta kai-komo da sauri, a tsorace yake. Amma idan ya kwantar da su baya har suka manne da wuya, to tsaya inda kake: cizo ko harbi na tafe. Haka nan idan ya ɗaga kai sama, farin idonsa ya bayyana, hancinsa ya buɗe, ko ya matse wutsiya, ko yana kaɗa ta da ƙarfi alhali babu ƙuda. Babbar alama ita ce ya juyo maka da gindinsa ya ɗage ƙafar baya guda. Kada ka haɗa wannan da dokin da ya sauke ƙugu ya dogara kan bakin kofato, kai a sunkuye, leɓe a sake. Wannan hutawa yake, ya saki jiki da wurin.

Yadda kake karanta shi, haka shi ma yake karanta ka, har ya fi ka iyawa. A birnin Balin na Jamus an yi wani doki mai suna Hans wanda aka ce ya iya lissafi, yana ba da amsa da buga kofato. A 1907 wani masani, Oskar Pfungst, ya bayyana sirrin: dokin fuska da tsayuwar mai tambaya yake kallo, da ya kai adadin da ake so sai jikin mutumin ya ɗan saki, shi kuma ya daina bugawa. A 2016 masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila sun nuna wa dawaki 28 hotunan fuskokin mutane, bugun zuciyarsu ya fi saurin tashi idan suka ga fuskar mai fushi. Ashe ke nan ranar da ka shigo barga rai a ɓace, ko gabanka na faɗuwa, dokin ya sani kafin ka taɓa ragamarsa. In ka san zuciyarka a kusa take, bar hawa sai gobe.

To yaya za a yi da baƙon doki? Kwana biyu zuwa uku na farko ka bar shi ya san gida. Kai da kanka za ka riƙa kai masa ruwa da harawa, kana kwashe kashinsa, kana zama nesa kaɗan ba tare da ka nemi komai a wurinsa ba. Ka tambayi mai shi na da abin da ya saba ci, don sauya abinci farat ɗaya, musamman cika masa dawa ko gero, yana jawo ciwon ciki, doki kuwa ba ya iya amai. Idan za ka matsa, ɗan karkace jiki, kada ka tsare shi da ido. Miƙa masa bayan hannu ya sansana. In ya kau da kai, ja baya taku biyu ka jira. Wannan ja da bayan shi ke nuna masa cewa kana jin maganarsa, kuma dokin da ya san ana jin raɗarsa ba ya bukatar ihu da kofato.

Idan ya yarda da taɓi, fara da wuya, ka gangaro inda geza ta ƙare a saman kafaɗa ka sosa masa. Nan dawaki ke yi wa juna susa, kuma susar wurin tana kwantar musu da hankali. Bayan haka sai ja da ragama. Ka tsaya a gefen kafaɗarsa, in ka ja ya biyo ko da taku ɗaya ne, sassauta nan take. Sassautawar ita ce ladansa, da ita yake gane ya yi daidai. Mai riƙe igiya tamau ko dokin ya bi ko bai bi ba, gardama yake koya masa. Sirdi da linzami sai ya saba da wannan, a bar shi ya sansana kowanne, a ɗaure majayi sannu a hankali.

Akwai abubuwan da ba a wasa da su. Kada ka taɓa naɗe igiya a hannu ko a ƙugu. Doki in ya zabura zai ja ka a ƙasa. A hana yara gilmawa ta bayan turke, a hana su ba shi abinci da bakin yatsu, sai a tafin hannu a buɗe. Kada a ɗaure sabon ingarma dab da wani ingarman ko kusa da goɗiya. Dokin da ya saba lafiya lau, ya wayi gari yana tutsu ko yana kai cizo idan ya ga sirdi, sau da yawa ciwo ne: gyambon baya, kaifin linzami ya yanke baki, ko ƙaya a kofato. Wanda ke birgima, yana duban cikinsa, yana tonon ƙasa, yana gumi, likitan dabbobi yake bukata cikin gaggawa. Bulala ba ta maganin ko ɗaya.

Sai kuma hayaniyar ranar hawa. Dokin da ya tashi a ƙauye bai san tambari da kakaki da ƙarar bindiga ba. A fara jiyar da shi daga nesa, ana matsowa kaɗan-kaɗan cikin kwanaki, ana lura da kunnuwansa. Wanda bai saba ba, shigar da shi taron jama'a ganganci ne da ran mahayi da na 'yan kallo.

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Masu kallo suna ganin ado da sukuwa da zamiya a gaban sarki, ba sa ganin watannin da ɗan barga ya yi yana susa da kai ruwa. In dokinka ya zo saura mako guda Sallah, ka haƙura ka yi kallo a ƙasa bana. Sannu ba ta hana zuwa. Ranar da ka shigo barga ya ɗago kai ya yi maka ƙaramar haniniya, ya tako wajenka da kansa, to ka iya ɗauko sirdi.