Sabuwar shekarar Musulunci: abin da ya sa watan Muharram yake buɗewa da godiya

Ma'aikatu da makarantun boko a Nijar suna lissafi da watan Janairu, amma ga yawancin gidaje a Maraɗi, Damagaram da Tawa akwai wata shekarar da ke kamawa da tsayuwar jinjirin watan Muharram, wanda Hausawa ke kira watan Cika-ciki.

An tsara wannan kalanda a zamanin halifa Umar ɗan Haɗɗabi, inda sahabbai suka amince a fara ƙirga daga shekarar da Annabi Muhammadu (SAW) ya yi hijira daga Makka zuwa Madina, wato 622 miladiyya. Malamai kan jawo hankali ga wannan zaɓi: ba a ɗauki ranar wata nasarar yaƙi ba, an ɗauki shekarar da Musulmi suka bar gidajensu da dukiyarsu cikin ƙunci, kafin Allah ya buɗa musu. Shi ya sa wa'azin farkon shekara ke yawan komawa kan fata: tsanani ba ya dawwama.

Shekarar wata tana da kwana 354 ko 355, ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka Muharram ke zagaya yanayi. Shekarar 1446 ta kama a farkon Yulin 2024, ta 1447 kuma a ƙarshen Yunin 2025. Ke nan a ƴan shekarun nan tana zuwa ne a farkon damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa, manomi ya zuba irinsa yana kallon sama. A irin wannan lokaci ne aka fi jin nauyin kalmar godiya.

Tushen godiyar yana cikin ranar Ashura, 10 ga wata. Ingantattun ruwayoyi sun nuna cewa Annabi ya tarar da Yahudawan Madina suna azumtar ranar saboda a cikinta Allah ya tserar da Annabi Musa da mutanensa daga Fir'auna, sai ya azumce ta, ya kuma yi umurni da a azumce ta. Daga baya ya bayyana niyyar haɗawa da ranar 9, wadda ake kira Tasu'a. Azumin nafila ne, ana kuma fatan ya kankare ƙananan zunuban shekarar da ta wuce. Muharram ɗin kansa yana cikin watanni huɗu masu alfarma, tare da Rajab, Zulƙida da Zulhajji.

Al'ada ma ta sa hannunta. A gidaje da dama akan adana jelar ragon layya ko busasshen namansa har zuwa daren Cika-ciki, a dafa tuwo mai yawa, a ci a ƙoshi, a aika wa maƙwabta. Taubasai kan bi juna neman kuɗin shara cikin raha. Wasan barkwanci na Nijar ya shiga jerin al'adun da UNESCO ta karrama a 2014. A Agadas kuwa, bikin Bianu ne ke cika tituna da ganguna a wannan wata. Wasu malamai suna sukar ɓangaren waɗannan al'adu, suna cewa ba su da asali a sunna, wasu kuma suna ganin ciyarwa da sada zumunci alheri ne matuƙar ba a mayar da su ibada ta dole ba.

Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne yadda godiya take. Malamai sun kasa ta uku: zuciya ta san ni'ima daga Allah take, harshe ya furta, gaɓoɓi su yi aiki da ita. Na ukun ne ya fi wuya. Wanda ya ga shekara da sauran dami a rumbu, godiyarsa ita ce ya auna wa wanda nasa ya ƙare. Ɗan kasuwa kuma ya ji tsoron Allah wajen ɓoye cimaka don ta yi tsada.

Haka fata ba ta nufin naɗe hannu. Ambaliyar 2024 ta rushe dubban gidaje a ƙasar, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi a watan Satumba. Mai tawakkali na gaskiya shi ne wanda ya yi addu'ar damina mai albarka, sannan ya fito da shebur ya yashe magudanar ruwan ƙofar gidansa, ya gyara katangar da ta tsage kafin ruwan Agusta ya sauko. Hijirar da ake tunawa ma sai da aka tanadi raƙuma biyu, da guzuri, da ɗan jagora masanin hanya, kafin a bar Makka.