Panda: Matasa Na Tafiya Bakin Abuja, Gonaki Na Neman Hannu

Garin Panda, da ke cikin ƙaramar hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, a kan hanyar da ta tashi daga Keffi ta ratsa Gitata ta nufi kudancin Jihar Kaduna, gari ne na manoma tun kaka da kakanni. Nan ne mazaunin sarautar ƙabilar Nyankpa, waɗanda Hausawa ke kira Yeskwa, kuma doya da dawa da masara da riɗi su ne ginshiƙin arzikin jama'arsa.

Al'amura sun soma sauyawa ne tun daga 1991, lokacin da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja, kana aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga tsohuwar Jihar Filato a 1996. Tsadar gidajen haya a babban birnin ta tura ma'aikata da masu sana'a zuwa Mararaba da Masaka, waɗanda ƙaramar hukumarsu ɗaya da Panda. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen Karu sun haura 200,000, kuma ba a sake ƙidaya a ƙasar nan ba tun daga lokacin. Sai dai wannan cunkoso a bakin Abuja ya taru, kuma can ne matasan karkarar yankin ke nufa, wasu don aikin gini, wasu acaba, wasu tireda.

Saboda haka kuɗin shigar magidanci a irin wannan gari ya rabu gida biyu: abin da ya samu da kaka in ya sayar da amfanin gona, da kuma ɗan abin da 'ya'yansa ke aiko masa daga birni. Na biyun kan toshe ɓaraka da bazara, amma tafiyar majiya ƙarfi na ƙara tsadar ƙodago a lokacin da ake tada kunyar doya. Janye tallafin man fetur a 2023 ya ƙara kuɗin mota, wanda ɗan kasuwa kan zabge daga farashin da yake taya manomi. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 kuwa bai shafi manomi ko ɗan ƙodago ba.

Ba Panda kaɗai ke cikin wannan hali ba. A Amurka, ƙidayar 2020 ta nuna yawan jama'ar yankunan karkara ya ragu cikin shekaru 10, kuma akasarin iyalan manoma a can sun fi samun kuɗi daga ayyukan da ba na gona ba. Bambancin shi ne, can injuna sun maye gurbin waɗanda suka tafi, alhali a nan har yanzu garma da fartanya ake dogara da su.

Wannan giɓi shi ne ya kamata 'yan kasuwa su duba. Hayar tarakta, da rumbunan ajiya da za su hana manomi karyar da kayansa da kaka, da injunan gyaran riɗi, duk sana'o'i ne masu ciniki a hannu, tun da yake bakunan da za a ciyar suna nan kusa, a Keffi da Mararaba da Abuja. Muddin gona ba ta biya matashi kamar yadda acaba ke biyansa ba, to ba zai dawo ba.