GANI YA KORI JI A TITIN IBRAHIM TAIWO

Wanda duk ya bi Titin Ibrahim Taiwo a Kano, ya wuce Kantin Kwari ya nufi kasuwar Singa, ko ya ratsa ya shiga Titin Bairut, ko kuwa ya zarce har Kasuwar Sabon Gari, ba zai rasa ganin wata haja wadda kakanninmu ba su san ta ba. Ita ce 'yar lasifikar kunne, wadda samari su ke kira iyafis. Akwai mai igiya, akwai maras igiya wadda a ke ajiyewa cikin ɗan akwati kamar na ashana, akwai kuma babba mai rufe kunne ruf, mai baka a bisa kai. Ga su nan rataye a tebura da kantuna, kowace da sunanta. Wata kuɗinta bai fi na abincin rana ba, wata kuwa sai ta lashe albashin wata guda ba ta ƙoshi ba.

Abin ba sabo ba ne a duniya. Wani Ba'amurke, Nathaniel Baldwin, ya ƙera irinta a gidansa cikin 1910, sojan ruwa na Amurka suka saya. John Koss ya fito da wadda a ka yi musamman domin jin kiɗa cikin 1958, sa'an nan kamfanin Sony na Japan ya fitar da ita kan titi cikin 1979, da ɗan rikodarsa mai suna Walkman. Amma a nan ƙasar wayar hannu ce ta kai ta kunnen kowa, daga ɗalibi har mai tura baro.

To, kamar yadda a ke da masana doki da masana turare, haka wannan haja ta sami nata masanan. Za ka same su a bakin kantuna da majalisun yamma a Fagge da Sabon Gari: yaran kanti, masu gyaran waya, masu haɗa sauti a ɗakunan ɗaukar waƙa, har da malamai da akawunan da abin ya shiga ransu. Su kan yi gardama mai zafi a kan wacce ta fi, kowa da gwanarsa, wani lokaci har a tashi baram-baram. Da gardamar ta tsaya a tsakaninsu da ba mu ce kome ba. Amma akawu ko malamin makaranta wanda ya tsakuro daga albashinsa, wurinsu ya ke zuwa neman shawara, kuma abin da suka faɗa masa shi zai saya. Saboda haka maganarsu shaida ce, ya kuwa kamata a auna ta da ma'aunin shaida.

Wannan ma'auni ba baƙo ba ne gare mu. Duk wanda ya karanta Risala a zaure, ko ya taɓa zama a majalisar alƙali, ya san ba kowane mai baki a ke karɓar shaidarsa ba. Malaman Malikiyya ba su karɓar shaidar wanda zai jawo wa kansa amfani da ita, ko ya kawar wa kansa da wata hasara. Ba su karɓar ta abokin gaba a kan abokin gabarsa, haka kuma ta uba domin ɗansa. Ba wai an ce waɗannan mutane maƙaryata ne ba. Uban yana iya zama mutumin kirki, mai tsoron Allah. Abin da malamai suka lura da shi shi ne zuciya ta kan karkata mai ita bai sani ba.

In mun ɗauki wannan muka shiga kasuwa, sai mu ga mai kanti da yaronsa mai cin la'ada su ne mafi sauƙin sha'ani, gama kowa ya san inda amfaninsu ya ke, mai saye ya kan rage wani abu daga yabonsu tun kafin su rufe baki. Wanda ya fi wuya shi ne abokinka, wanda ba ya sayar da kome, amma ya riga ya zuba kuɗi masu yawa ya sayi tasa. Wannan in ya ce tasa ba ta da daɗi, ya ce an cuce shi ke nan, ba kuwa mai son ya faɗi haka a bainar jama'a. Sai ka ji yana rantsuwa da ita kamar shi ya ƙera ta. So hana ganin laifi. Akwai kuma na uku, wanda bai taɓa sa abin a kunnensa ba, sunan kamfani kawai ya ji, amma shi ne mai ɗaga murya a majalisa. Shi ba shaida ba ne ma sam, mai jita-jita ne.

Hausawa su kan ce gani ya kori ji, watau abin da ka gani da idonka ya fi wanda aka ba ka labari. Ashe a sha'anin sauti maganar tana da wata fuska, domin an gwada an tabbatar ido yana korar kunne da gaske. Cikin 1994 waɗansu masana biyu, Floyd Toole da Sean Olive, na kamfanin Harman a Amurka, mai yin lasifikun JBL, suka bayyana sakamakon wani gwaji. Sun tara ma'aikatan kamfanin 40, suka jiyar da su manyan lasifiku 4 a ɓoye bayan labule, kowa ya ba da maki. Sa'an nan aka yaye labulen aka sake. Da mutane suka ga girma da ƙyalli da suna, sai makin manyan masu tsada ya hau, na ƙaramar mai araha ya sauka, alhali kuwa sautin bai sāke ba ko kaɗan. Ma'aikatan kuma suka fifita kayan kamfaninsu da zarar sun gane su. Wani abin mamaki, a bayan labule in an gusa da lasifika daga wannan wuri zuwa wancan a cikin ɗakin, kunnuwansu su kan ji bambancin, maki ya sāke. Da ido ya shigo sai suka kusan daina jin wannan bambanci. Ƙwararrun cikinsu ma ba su tsira ba.

Mu malamai bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Don me a ke sa ɗalibi ya rubuta lamba a kan takardar babbar jarrabawa, a kuma aika da ita wurin mai dubawa wanda bai san shi ba? A kwalejin horon malamai mu kan nuna wa ɗalibai cewa in ka san takardar ta ɗan ajin da ka ke so ce, sai alƙalaminka ya yi laushi, ka riƙa fahimtar abin da ya so ya faɗa ko da bai faɗa ba. Mai mummunan rubutu kuwa ya sha ja tun daga layin farko. Ba malamin da ya fi ƙarfin wannan, shi ya sa aka yi doka ba a bar abin ga amanar kowa ba.

Har manyan makaɗa an gwada. A Turai ba gogen da a ke girmamawa kamar wanda Antonio Stradivari na Italiya ya sassaƙa, shi kuwa ya rasu tun 1737. Cikin 2010 wata masaniya daga Faransa, Claudia Fritz, da abokan aikinta suka tara gwanayen goge 21 a birnin Indiyanafolis, suka sa musu baƙin tabarau a ɗaki mai duhu-duhu, suka ba su goge 6, uku tsofaffin Italiya, uku sababbi. Da aka ce kowa ya zaɓi wanda zai so ya tafi da shi gida, 13 suka ɗauki sabo. Wanda aka fi ƙi duka kuwa na Stradivari ne.

A kan ita lasifikar kunnen kanta, wani masani mai suna Jeroen Breebaart ya duba awon guda 283 cikin 2017, ya ga yadda kowace ta ke fitar da ƙaramar murya da babba bai bi tsadarta ba. Amma a nan sai a yi hattara, kada mu tsere wa wani son zuciya mu faɗa wani. Akwai mutumin da girman kansa shi ne a ce bai taɓa sayen abu mai tsada ba, kome aka nuna masa sai ya ce kuɗin suna ne. Awon nan abu guda ya duba. Bai ce kome ba a kan ƙarko, ko daɗewar batir, ko igiyar da ba ta tsinkewa bayan mako biyu. Ga kuma jabu, wadda ta cika kasuwanni, kwali da suna irin na asali, ciki kuwa wani abu dabam. Sau da yawa mutum biyu su kan kwana suna musu a kan suna guda, alhali ɗaya ta gaske ya ji, ɗaya jabu.

Ba kuwa kowane saɓani ba ne son zuciya ya ke kawowa, wannan ma masu gardama su kan manta. Kunnen yaro lafiyayye yana jin sauti daga mai kaɗawa sau 20 a daƙiƙa har zuwa wajen sau 20,000, amma saman nan yana raguwa da shekaru. Abin da saurayi ɗan shekara 18 zai ce yana tsira masa kunne, mu da muka haura 40 sai mu ji shi daidai. Ramin kunne ma kowa da nasa. In robar bakin iyafis ba ta toshe ramin sosai ba, sai amon ganga ya zube, mutum ya ce abin ba shi da nauyi, alhali robar ce ba ta yi masa daidai ba. Sa'an nan me a ke saurare? Mai jin karatun Alƙur'ani ko labarun rediyo muryar mutum ya ke so ta fito tas, har ya rarrabe kowane harafi. Mai son kalangun Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos abin da ya ke nema dabam ne, mai son kiɗan zamani mai dukan ƙirji kuwa dabam. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Akwai kuma wani tarko wanda ya fi kama mutane a bakin kanti. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson, masu bincike a kamfanin tarho na Bell, suka nuna cewa in sauti ya yi ƙasa kunne ba ya jin amo mai kauri sosai, in an ƙara ƙarfi sai ya fito. Saboda haka in an jiyar da kai biyu, wadda ta fi ƙara ita za ka ce ta fi daɗi. Lasifiku biyu kuwa ba su ba da ƙara ɗaya ko da an bar wayar a ma'auni guda. Ƙara da wannan, Titin Ibrahim Taiwo da tsakar rana ba wurin auna sauti ba ne, ga hon ɗin A Daidaita Sahu, ga rurin janareto, ga masu talla. Abin da ka ji a nan ba shi za ka ji a ɗakinka da dare ba.

To, ina ladabin ya ke? A ganina na farkonsa shi ne mai ba da shawara ya faɗi matsayinsa kafin ya faɗi ra'ayinsa. Yaron kanti ya ce, "Malam, ni ina sayar da ita, amma ga ta ka ji da kanka." Aboki ya ce, "Ni ita na saya, wata uku ke nan, karatu na fi ji da ita, waccan kuwa ban taɓa gwada ta ba." Mai irin wannan magana bai rage kome daga mutuncinsa ba, shi ne ma za a sake komawa wurinsa. Kalmar "a kunnena" ba ta da tsawo, amma tana kashe rabin gardama. Ba ladabi ba ne kuma a yi wa mutum dariya don tasa mai araha ce, ko a ce masa ba shi da kunne don bai ji abin da ka ce ka ji ba. Wanda ya sayi abin da aljihunsa ya iya, yana jin daɗinsa, bai tambaye ka ba, ka bar shi. In ya tambaya kafin ya saya, a nan gaskiya ta wajaba ko da za ta ɓata wa mai kanti rai.

Gardamar da ta ƙi ƙarewa kuwa tana da magani mai sauƙi, irin na labulen nan. A sami wuri shiru, a zaɓi karatu ko waƙa guda wadda mai gwajin ya sani sarai, a daidaita ƙarar duka biyu gwargwadon iko. Ya rufe ido, wani ya riƙa sa masa ba tare da ya faɗa masa wacce ce ba, a yi ta musanyawa da sauri, domin kunne ba ya riƙe ƙananan bambance-bambance sai na 'yan daƙiƙu. A yi kamar sau 10, akawu ya rubuta. Gwajin ba cikakke ba ne, gama fata ta kan gane nauyi da siffa, amma ya isa ya sanyaya bakin mutane da yawa. A kuma goge robar kafin ta fita daga wannan kunne ta shiga wancan.

Ladabi guda ya rage wanda ba na gardama ba ne, dole kuwa malami ya faɗe shi. Yaro ya zo gaban babba da abu toshe a kunne, a yi masa sallama bai amsa ba, ko ya cire guda ya bar guda yana gaisuwa, wannan ba tarbiyyarmu ba ce. A cire duka biyu. Haka nan wajen ƙetare titi.

Shi kansa kunnen da a ke taƙama da shi yana ƙarewa. Cikin 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa wajen miliyan 1,100 suna cikin haɗarin raunin ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Cikin 2019 ta fitar da ƙa'ida, babba kada ya wuce awa 40 a mako a kan ƙarar desibel 80, yaro kuwa 75. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, watau a kan 83 awa 20 ke nan, a kan 86 awa 10. Mai sauraro a cikin hayaniyar kasuwa kuwa ƙara wa waya murya ya ke yi don ya rinjayi titi, bai san inda ya kai ba. A can cikin kunne akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke karɓar sauti, in sun mutu ba su sake tsirowa. Wanda ya cire iyafis ya ji kunnensa yana ƙugi, ko ya ga sai an maimaita masa magana a cikin taro, ya nemi likitan kunne. Akwai sashensu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna.